Bakina, Muryar Nalado

Ni ce Tasalla ta Kabala,
tsohuwar da kuke gaisarwa tana ɓarar gyaɗa.
Kada giɓin nan ya ruɗe ku,
bakin nan ya taɓa cika ɗakin taro a Tudun Wada
ba lasifika, ba mai tayawa.

Dandamalinmu benci shida ne aka haɗa,
labulen zanen gadon Asibi,
fitilun ƙwai huɗu, ɗaya na hayaƙi.
Na yi dillaliya, na yi ungozoma,
na yi alƙali da gemun auduga.
Sau goma sha ɗaya na mutu a damina guda,
kowace mutuwa sai leburorin reluwe sun miƙe,
wannan ya jefo sisi, wancan goro,
wata ta yi ta kuka har goyonta ya kama.

Sai ga masu majigi a mota ruwan toka.
Suka ce fuskata suke so.
Na ce, muryar fa?
Suka ce akwatin nasu ido gare shi, ba shi da kunne.

Bakin kogi suka kai ni, ƙarƙashin gada.
Ɗebi ruwa. Zubar. Sake ɗiba.
Tulu ashirin na ɗauka don a ga tulu ɗaya.
Bature na leƙen akwati kamar mai duban rijiya,
tafinta na cewa, yi kuka,
ɗanki ya sha ruwan da ba a tafasa ba.
Ban haihu ba a lokacin.
Akuyata na tuno, wadda jirgi ya take a Kakuri,
hawayen suka zo da kansu.

Ran da aka haska a filin ƙwallo,
farin ƙyalle, ƙarar inji, ƙwari na bin haske,
na ga kaina na fi rumbu tsawo.
Malam Nalado ya ɗaga lasifika.
Bakina ya buɗe, muryarsa ta fito:
“Wayyo, jahilci ya cuce ni!”
Ni kuwa abin da na faɗa ranar:
“Ƙafata ta sage, a sallame mu haka.”
Duk filin ya yi tsit,
sai Kande kurma, mai karanta leɓe,
ta kwashe da dariya ita kaɗai.

Fam biyu da sule goma suka ba ni.
Na sayi keken ɗinki.
Fuskata ta je Nguru, ta je Wukari,
ni ko Zariya ban wuce ba.
Na ƙara yi musu uku: na shara, na rigakafi, na auduga.
A nan na koyi magana da gira,
na koyi yadda kafaɗa ke cewa a'a.
Da na koma kan benci shida
sai na ɗaga yatsa, ɗaki ya mutu.

Daga baya akwatin ya yi kunne,
amma yara yake nema.

Shekarun baya na je ofishin, na ce a nuna mini ni.
Mai sito ya buɗe gwangwani,
tsami ya bugo kamar gasarar kwana uku.
Faifan ya narke, ya manne kamar ɗanko.
Ya ɓanɓaro tsawon yatsa, ya ɗaga wa rana:
hannu ne kawai, a wuyan tulu.
Na gane shi da awarwarona.

Nalado yana nan Unguwar Shanu,
ɓarin jiki ya shanye tun bara.
Baki na motsi, ba abin da ke fita.
Duk Juma'a nakan je, in zauna kan tabarma,
jikoki su ce, Iya, me yake cewa?
In dube shi, ya dube ni.
In ce, kunun tsamiya yake so, kada a cika sukari.

Ko shi ya faɗa, oho.
Yana dai shanyewa.